Wai da gaske taurari na mutuwa?

Ɗan Ader: Assalamu alaikum ƴan uwa. Nan Tahoua da zafin nan duk waje muke kwana, kusan kullum sai mun ga tauraro ya hwaɗo ya ja layi ya ɓace, tsohuwarmu ta ce wai wani babba ne ya rasu. To ni abin da nike son sani, shi tauraron nan mutuwa ya yi ko mi? Kuma in suna hwaɗuwa haka mi ya sa ba su ƙarewa?

Mushe Lawali: Wa alaikumus salam ƙanena. Wanda kake gani yana faɗowa ba tauraro ba ne sam, ɗan tsakuwa ne ko ƙura daga sararin sama, yawanci bai wuce ƙwayar hatsi ba, gudu ne ya sa ya ƙone da ya shigo iskarmu. Amma taurarin gaskiya suna mutuwa, sai dai ba cikin ƙiftawar ido ba. Ana haifarsu cikin wani irin gajimare na gas da ƙura, nauyinshi ke jawo shi yana dunƙulewa har tsakiya ta yi zafin da gas ɗin da ake kira idrojen zai fara haɗewa yana komawa wani gas, eliyom, wannan haɗewar ita ce hasken. Ranarmu ma tauraro ce fa, tsakiyarta digiri miliyan 15, ta yi shekara wajen miliyar 4.6 kuma saura mata kamar miliyar 5. In idrojen na tsakiya ya ƙare sai ta kumbura ta yi ja ta haɗiye duniyoyin da sunka fi kusa da ita, daga baya ta zubar da bayanta ya rage ɗan farin dunƙule kamar girman duniyarmu yana hucewa sannu sannu.

Hadiza Yantala: Mushe ka bar wurin da ya fi ban mamaki ai! Mu a lise abin da ya tsaya mini a rai shi ne manyan su ke riga mutuwa. Kai ka ce mai yawan gas shi zai daɗe ko, ina, wutar kara ce, ƴan miliyoyin shekaru kawai ya cinye komai, ƙananan jajayen taurari kuwa da ko ido bai ganinsu tun da anka yi sama babu wanda ya kai ga mutuwa cikinsu. Wanda ya ninka rana nauyi sau 8 ko fiye in ƙarfe ya taru a cikinsa shi ke nan, sai ya rufta ya fashe, supanoba kenan. A 1054 masanan Sin sun rubuta labarin wata supanoba da anka yi ta gani har da rana tsaka kwana 23, ɓurɓushinta na nan har yau ana kallo da na'ura. Abin da ya saura ko dai ɗan dunƙule mai tsananin nauyi da ake kira tauraron nutron, mai faɗin kilomita 20 kacal, ko baƙin rami da ko haske bai fita. Ƙarfen da ke cikin jininmu ma daga irin wannan fashewar ya samo asali, Allah mai iko.

Ɗan Ader: Ikon Allah. Na gode Mushe, na gode yaya Hadiza. To akwai wanda ya kusa mutuwa da zan iya gani da idona?

Mushe Lawali: Akwai. Bari sanyi ya shigo, wajen Disamba bayan isha'i ka duba gabas, ƙasa da Kaza da ƴaƴanta za ka ga taurari uku jere, gefensu na arewa akwai wani ja mai haske, Betelgeuse sunanshi. Ya kusa ƙarshen rayuwarshi, ƙarshen 2019 ya dushe har mutane sunka zaci fashewa zai yi, ashe ƙura ce ya fitar ta rufe shi. Ita Kazar kuma yara ne, shekara wajen miliyan 100. Ka ɗan fita bayan gari inda babu fitilu.