Za a kaɗa ƙuri'ar yajin aiki a wurin aikina, ga haya ga matata da tsohon ciki, ina mafita?

Ɗan Damagaram: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah waɗanda suka daɗe a Amurka su ba ni shawara tsakani da Allah. Shekarata uku a kudancin Kalifoniya, lotirin biza ne ya kawo ni. Ina aiki a wani babban filin shaƙatawa, irin mai jiragen lilo da shagunan abinci da masu shigar 'yar tsana suna ɗaukar hoto da yara. Ni a sashen shara da wanke-wanke nake, aikin dare. Idan baƙi sun watse mu muke wanke filin har gari ya waye.

Yarjejeniyar ƙungiyarmu ta ƙwadago da kamfani ta ƙare, an yi zama an kasa daidaitawa, yanzu an ce ranar Juma'a za a kaɗa ƙuri'a kan yajin aiki. Wallahi albashin ba ya kaiwa, haya kaɗai tana cinye fiye da rabi. Amma matata cikinta wata bakwai, inshorar lafiyarmu ta wurin aikin nan take, kuma duk wata sai na aika wa mahaifiyata kuɗin magani. Ga shi saura shekara biyu in nemi takardar zama ɗan ƙasa. Shekaranjiya kuma ogana ya ga bajon ƙungiya a ƙirjina, ya ce in cire, na cire, amma na ga ya rubuta sunana. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. In na ce eh, za su iya korata? Zai ɓata mini takarda? In kuma na ci gaba da zuwa aiki, da wane ido zan kalli abokan aikina?

Baba Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Yaro, shekara ashirin da shida ina tuƙa tasi a Bronx, bari in gaya maka gaskiya. Neman halak ya kawo ka, ba gyaran Amurka ba. Baƙo raɓa ne. A 1984 ma'aikatan filin shaƙatawa na Disneyland kusan dubu biyu sun yi kwana 22 a bakin ƙofa riƙe da kwalaye, aka ci gaba da buɗe filin, a ƙarshe suka koma bisa sharaɗin ba ƙarin albashi har shekara biyu. 'Yan ƙasa ke nan. Kai da kake da mai ciki a ɗaki, ka kama bakinka ka tafi aikinka.

Maman Ikram: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ka ba shi rabin labari. Ƙanena, ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Los Anjelis, shekara tara ina cikin ƙungiya, sau biyu ina kaɗa irin wannan ƙuri'a kuma ko sau ɗaya ba mu fita ba. Abin da za ku yi ranar Juma'a ba shi ne yajin ba. Izini ne kuke ba shugabanninku su kira yaji idan zama ya ci tura. Sanda ce ake ɗagawa don a ji tsoro a teburin ciniki, kuma ƙuri'ar sirri ce a yawancin ƙungiyoyi, oganka ba shi ke ƙirga ta ba.

Ga misali kusa da kai. A Yulin 2024 ƙungiyoyi huɗu masu wakiltar ma'aikatan Disneyland wajen 14,000 a Anahaim suka kaɗa irin wannan ƙuri'a, kashi 99 cikin ɗari na masu jefawa suka amince. Ba a yi mako ba aka daidaita, mafi ƙarancin albashi ya tashi daga dala 19.90 zuwa dala 24 a awa, ba wanda ya rasa aikin yini ɗaya. Kuma ka san abin da ya hura wutar? Bajo. Ma'aikata sun riƙa maƙala wani ɗan bajo mai hoton farar safar hannun Mickey an dunƙule ta, ƙungiyoyin suka kai ƙara hukumar ƙwadago ta tarayya, NLRB, cewa ana tsorata masu sa shi ana ladabtar da su.

Don haka maganar bajonka kada ka ɗauke ta wasa. Dokar ƙwadago ta 1935 ta ba ma'aikacin kamfani damar sa alamar ƙungiya, sai in kamfani ya nuna wani dalili na musamman, kuma irin wuraren nan sukan fake da cewa kayan aiki wani ɓangare ne na nishaɗin baƙi. To kai da kake shara da tsakar dare, wane baƙo ne yake ganinka? Yau ɗin nan ka rubuta ranar da abin ya faru, da ƙarfe nawa, da abin da ya ce, da wanda yake wurin, ka kai wa wakilin ƙungiya na sashenku. Wata shida ake bayarwa a shigar da ƙara, in ya wuce shi ke nan. Kuma in aka kira ka ofis don tambayoyin da kake jin za su kai ga hukunci, ka ce sai da wakilin ƙungiya. Haƙƙinka ne tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1975, amma sai ka nema da bakinka, ba za su tuna maka ba.

Ɗan Kaduna: Hmm, yajin aiki. Ni dai ASUU ta koya mini darasi, daga Fabrairu zuwa Oktoban 2022 ina gida ina kallon silin. In irin wannan ne, ɗan'uwa, jaririn sai ya fara zama kafin ku koma.

Maman Ikram: Ɗan Kaduna, ka bar ba shi tsoro. Gwamnati tana iya rufe ido wata takwas, ɗalibai ne suke asara. Filin shaƙatawa kuwa kullum sai ya sayar da tikiti, otal-otal ɗinsa cike da mutanen da suka biya tun watanni. Matsalar nan wata ce daban, kuma ita ce amsar tambayarka ta kora.

Ba a yarda a kore ka don ka shiga halattaccen yaji ba, ko kai ɗan ƙasa ne ko mai katin zama. Amma in yajin na neman ƙarin kuɗi ne kawai, doka ta bar kamfani ya ɗauki wani ya maye gurbinka dindindin, tun wani hukunci na 1938. Ba a kira shi kora ba, sunanka yana jerin masu jiran gurbi, amma cikin tukunya duk ɗaya ne. In kuwa yajin na ƙin karya dokar ƙwadago ne da kamfani ya yi, irin tsorata masu bajo, to ba a maye gurbinka dindindin, in an gama dole a mayar da kai. Shi ya sa ƙuri'ar Anahaim ta 2024 aka ɗora ta a kan wannan na biyun. Kafin Juma'a ka tambayi wakilinku kai tsaye: wane iri ne namu? Ka kuma tambaya ko an tsawaita tsohuwar yarjejeniya, don galibi akwai sharaɗin hana yaji a cikinta muddin tana aiki.

Issoufou na Faransa: Sannu ɗan gida, ni Bamaraɗe ne, ina zaune kusa da Marne-la-Vallée, inda Disneyland na Paris yake. A ƙarshen Mayu zuwa Yunin 2023 ma'aikatan Disneyland na Paris sun yi nasu, suna neman ƙarin yuro 200 a wata da ninkin kuɗin ranar Lahadi. Har cikin filin suka shiga da tutoci, aka soke faretin da yara suke jira. Amma kada ka ga bidiyonsu ka kwaikwaya. A nan yaji yana cikin tsarin mulki, an hana ɗauko ɗan ƙwadagon wucin gadi ya zauna a gurbin mai yaji. Abin da ake yankewa kuɗin ranakun ne kawai. Ku can dokarku ba ta kai haka taushi ba.

Malam Habu Orlando: Ko cikin Amurka ma jiha jiha ce. A nan Fulorida ba dole ba ne ka biya kuɗin ƙungiya, don haka da yawa suna cin moriyar yarjejeniya ba su ba da sisi. Duk da haka a Fabrairun 2023 ma'aikatan Disney World suka yi watsi da tayin ƙarin dala ɗaya, kashi 96 cikin ɗari suka ce a'a, a watan Maris aka amince mafi ƙaranci ya kai dala 18 kafin ƙarshen shekara. Ba a yi yaji ba. Ni abin da na lura, yawan ƙuri'a shi ne yake hana yajin faruwa. In kuka fito kashi sittin, kamfani zai ce bari mu gwada su.

Ɗan Damagaram: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti Maman Ikram, hankalina ya ɗan kwanta. To amma in an fita ɗin fa? Haihuwa ba ta jira. In na lallaɓa na shiga aiki saboda inshora, me zai same ni?

Maman Ikram: Doka ba ta hana ka shiga ba. Sai dai in kai cikakken mamba ne, ƙungiya tana iya cin ka tara bisa tsarinta, sai in ka rubuta takardar fita kafin ka koma aikin. Wannan ta takarda ke nan. Ta zaman tare kuwa, mutanen da kuke tura amalanken shara tare ƙarfe uku na dare ba sa mantuwa. Na san wadda ta tsallake layin masu yaji a wani asibiti, shekara biyar ba wanda ya yarda ya yi musayar ranar aiki da ita.

Ba zan ɓoye maka ba, kamfani yana iya tsayar da biyan inshora lokacin yaji, kuma a Kalifoniya mai yaji ba ya samun kuɗin rashin aiki. An kai ƙudurin a riƙa ba su a 2023, Gwamna Newsom ya ƙi sa hannu. Amma in inshora ta yanke akwai tsarin COBRA na ci gaba da inshorar wurin aiki, ana ba ka kwana 60 ka zaɓa kuma yana komawa baya ya rufe tun ranar da aka yanke, sai dai kai za ka biya duka, kuma da tsada. Ka tambayi ofishin ƙungiya takamaimai wace rana inshora take yankewa, da nawa asusun yaji yake bayarwa a mako, da ranar da ake fara biya.

Hajiya Balaraba: Ɗana, kowa yana ta doka, ba wanda ya tambayi yarinyar nan. Ka gaya mata kuwa? Kada ka bari ta ji a bakin matan abokan aikinka. Gobe ka ɗauke ta ku je wurin ma'aikaciyar walwala ta asibitin da take awo, ku tambayi Medi-Cal, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, don mai ciki ana sassauta mata ma'aunin kuɗin shiga. Ba a fafe gora ranar tafiya. Sannan ka kira mahaifiyarka ka ce wata mai zuwa ƙila abin ya ragu. Uwa ce, addu'a za ta yi maka. In kana cikin adashi ka roƙi a ba ka kwasar wannan watan.

Barista Sadiya: A kan takarda kawai zan yi magana, kuma ba madadin ganin lauyanka ba ne. Shiga ƙungiyar ƙwadago ko halattaccen yaji ba laifi ba ne, ba ya hana zama ɗan ƙasa. Abin da fom ɗin neman zama ɗan ƙasa yake tambaya shi ne ko an taɓa kama ka ko an tsare ka, ko da an sake ka daga baya. Wani lokaci ƙungiyoyi sukan shirya zaman tare hanya da gangan don a kama wasu, su ja hankalin 'yan jarida. Wannan ka bar wa masu fasfon Amurka. Ka riƙe kwalinka a gefen titi, kada ka tare mota, kada ka taɓa kowa, in ɗan sanda ya ce a matsa ka matsa.

Baba Ɗanjuma: To, na ji 'yan boko. Ni dai ban canza ba, yaji ba abin wasa ba ne. Amma in ƙuri'ar ba a ganin wanda ya jefa, wannan kuma tsakaninka da Allah. Ka dai ware kuɗin haya na wata ɗaya ka ba matarka ta ɓoye, kada ka taɓa.

Ɗan Damagaram: 'Yan'uwa, na dawo da bayani. Da na tashi aiki na wuce ofishin ƙungiya. Wakiliyarmu ta ce ba a tsawaita yarjejeniyar ba, kuma ƙuri'ar a kan karya doka aka ɗora ta. Ashe ba ni kaɗai aka rubuta ba, mu bakwai ne a aikin dare, ta karɓi bayanina ta haɗa da nasu. Inshora ta ce ko an fita tana nan har ƙarshen watan da aka fara. Hajiya, na gaya wa maiɗakina. Ta yi shiru, can ta ce ita ma ta lura ba na barci, ta ɗauka wata na hango. Jibi muna da awo, za mu ga matar walwalar. Baba, kuɗin hayar bai cika ba, saura dala ɗari uku, amma na kwashi ƙarin awa na daren Asabar da Lahadi.

Malam Habu Orlando: Turo mini lambarka ta sirri, akwai wani ɗan Agadas a Anahaim mai motar kai kaya, yana neman mai taya shi ranakun da ba ka aiki.