Abin da na tsinta kan wayar lantarkin tsohuwar Fijo 504 da ke zafi

To jama'a ga abin da na tattaro daga hirar da aka yi kan zafin wayar lantarkin mota, tunda Fijo 504 ɗina ta fara warin ƙonar roba. Kowa ya yarda, da ka ji warin nan ka kashe mota ka cire kan batir na negatif tukuna.

Wani tsohon rewaya shi ya fi burge ni, ya ce ka cire fiyus ɗin da ke yawan ƙonewa ka haɗa ƙaramin ƙwan fitila mai bolt 12 a gurbinsa ka mayar da kan batir, in ya kama tar to waya na taɓa bodi, sai ka riƙa girgiza wayoyin kana cire soket ɗaya bayan ɗaya har hasken ya mutu, nan ɓarnar take. Galibi wai inda waya ta ratsa ƙarfe daga inji zuwa cikin mota ne, robar ramin ta cinye.

Zafi ba tare da fiyus ya ƙone ba kuwa, tsatsa ce a mahaɗa ko at (wayar da ke haɗa negatif da bodi) ya saki, ko an sa ƙwan wat 100 a gurbin 55 ba rile (ƙaramin makunnin da ke ɗauke wa suwic nauyin wuta). Masu ɗaure fiyus da waya kuma, wallahi an sha musu faɗa, ni ma na tarar da fiyus biyu da aka ɗaure haka a motata.