Hannuna yana rawa: in kai zanena baje koli ko in haƙura?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Ina zane da fensir da fentin ruwa, amma hannuna na dama yana ɗan rawa tun ina ƙarama, layi ba ya fita a miƙe. Ƙungiyar masu zane da na shiga za ta yi baje koli, an ce kowa ya kawo nasa. Idan na kalli na sauran sumul, sai in ji kamar ni bare ce a cikinsu. Nawa a jaka suke ƙarewa, wasu ma na yage. In kai, ko in bari sai hannu ya faɗa?

Wani ɗan'uwa: Wa alaikumus salam. Ki kai, ƙanwata. Django Reinhardt, makaɗin jita da ya yi suna a Faransa, gobara ta ƙone masa hannun hagu a 1928, yatsu biyu suka daina aiki. Da ragowar ya ƙirƙiro salon da har yau ake gane shi da shi. Henri Matisse kuma, shahararren mai zane ɗan Faransa, bayan tiyatar da aka yi masa a 1941 tsayuwa gaban allon zane ta yi masa wuya, sai ya koma yanka takardu masu launi da almakashi. Babu wanda ya jira jikinsa ya koma daidai a cikinsu.

Wata malamar zane: 'Yata, zan ɗan saɓa masa. Ba kowace karkata ce salo ba. Akwai wadda rashin gwaji ke kawowa, kamar ido ɗaya ya fi ɗaya girma ko inuwa ta faɗi inda haske yake. Wannan gyara take so, kar a yi miki daɗin baki. Rawar hannu kuwa taki ce, tare za ku zauna. Ki jera zane goma a ƙasa ki duba: abin da ke canzawa daga wannan zuwa wancan kuskure ne, abin da ke dawowa kullum shi ne hannunki. Idan kina son layi mai tsabta a wani wuri, ki samu sanda mai dunƙulen ƙyalle a kai, ki jingina ta da allon zanen ki ɗora tsintsiyar hannu a kanta, masu zane sun daɗe suna haka. Kuma don Allah ki daina yagewa, da tsofaffin za ki auna ci gabanki.

Wata 'yar'uwa: A Jafan akwai kintsugi. Idan kwanon tangaram ya fashe, sai a liƙe shi da ƙaron itacen urushi, a bi sawun da garin zinariya, tsagar ta fito fili. Ni abin da ya fi damuna a maganarki shi ne jin kanki bare. Su ma suna da nasu da suka ɓoye, wanda ya yi kyau kawai kike gani. Ranar da za ku haɗu ki ɗauki wanda ba ki gama ba, ki ce wa ɗaya ya duba miki. A nan ake sabawa da juna.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Malama, na jera su kamar yadda kika ce. Inuwar ce ba daidai ba a kusan rabinsu, zan zauna a kanta. Guda biyu na ganyen bishiya kuwa rawar ta dace da su, su zan kai.