Neman shawara: zan kai jikokina Yankari a mota daga Kano

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema. Tun bara na yi wa jikokina alkawarin in an yi hutun Disamba zan kai su Yankari su ga giwa ido da ido, to ga hutun ya matso kuma yaran nan ba su manta ba, kullum amaryata ƙaramar sai ta zo ta riƙe min hannun riga tana Kaka yaushe ne tafiyar. Su huɗu ne, babban shekara 11, sai 9, sai 7, ita kuma 4. Sienna ce da ni, ni zan tuƙa, Hajiya za ta bi mu. Damuwata biyu ce, mai shekara 7 ɗin amai yake a mota ko Wudil aka je, sannan ban sani ba mu miƙe a rana ɗaya ko mu kwana Bauchi. Rabona da hanyar an daɗe.

Wani ɗan Bauchi:
Wa alaikumus salam Baba. Ku kwana Bauchi kawai. Kano zuwa Bauchi ta Birnin Kudu da Ningi kusan kilomita 300 ne, daga Bauchi kuma akwai sama da kilomita 100 kafin Wikki, wato masaukin baƙi na cikin Yankari, za ku ɗau hanyar Gombe sai a Dindima ku karya dama, kuma ko kun shiga get ɗin Mainamaji da sauran tafiya mai tsawo cikin daji. Ku cika tanki tun a Bauchi. Da yamma ku kai yaran kabarin Tafawa Ɓalewa, babban zai ƙaru sosai tunda ana musu tarihinsa a makaranta.

Wata uwa:
Baba maganar mai aman nan, nawa ma haka yake wlh na sha wahala kafin na gane kansa. Kar a cika masa ciki da maiƙo da safe, shayi ba madara da ɗan burodi ya isa, a zaunar da shi layin tsakiya yana kallon gaba, a sauke gilashi kaɗan, kuma a raba shi da waya gaba ɗaya don kallon wayar nan shi ke tayar da zuciyar. Hajiya ta riƙe leda da tsumma da kayan canji a kusa, ba cikin but ba. Magani kam sai an tambayi likita.

Wani direba:
Alhaji ku fita bayan sallar asuba gari ya ɗan waye, hazo na rufe hanya a hunturu. Kanikawa su duba birki da tayu har da safaya kwana biyu kafin tafiya. Kar dare ya same ku a hanya, kuma kar a sa yaro a gaba.

Wata 'yar uwa:
Ba wanda ya faɗa muku zancen gwaggon biri! Mun je da yara, ɗiyata na riƙe da ledar biskit ɗaya ya zo ya fizge a hannunta, ranar da ƙyar muka lallashe ta. Ku dinga kulle ɗaki da mota. Ruwan Wikki ɗumi gare shi, wajen digiri 31 dare da rana, yara ba sa son fita, amma akwai inda yake da zurfi, ƙaramar kar ta bar hannunku. Giwa kuma kar ku yi musu alkawari ɗari bisa ɗari, mu gwanki da gadu muka gani, an ce sai rani ya yi nisa suka fi taruwa bakin kogin Gaji. A tafi da rigunan sanyi da basilin.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun tsayar da kwana Bauchi, Hajiya ma abin da take so kenan. Yau da daddare zan zaunar da su in faɗa musu gaskiyar maganar giwar nan tun kafin mu tashi.