Wane suna za mu sa wa takalmin masu tuƙa jirgin ruwa?

Malama Hadiza: Assalamu alaikum, malamai. Ana neman Hausar abin da Turawa ke kira "sea boots", wato dogon takalmin da masu tuƙa jirgin ruwa mai tafiya da iska ke sawa a tekun Ingila da Faransa da Norwe, don kada ƙafa ta jiƙe ko ta sandare. Na rubuta "takalmin ruwa", amma raina bai kwanta ba.

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Gara da bai kwanta ba, Malama. Takalmin ruwa yana da mai shi, shi ne rambut na masu aikin fadama da masu kwaɓa siminti. Bambancin yana ƙasan takalmin. Rambut manyan haƙora gare shi don ya kama laka, daɓen jirgi kuwa sumul yake, a jiƙe, ga jirgin yana karkata duk lokacin da iska ta cika ƙyallensa. Haƙoran ba su samun abin kamawa, sai santsi ya ɗebi mutum. Na jirgi ƙasansa a shimfiɗe yake, roba ce mai taushi da aka yi wa siraran tsagu birjik. Da an taka sai tsagun su buɗe su kore ruwan, roba ta manne da daɓe. Wani Ba'amurke, Paul Sperry, ya fito da wannan dabara a 1935, bayan ya lura karensa ba ya zamewa a kan ƙanƙara. In muka ce takalmin ruwa, wani zai sayi rambut ya hau jirgi da shi.

Alhaji Idi: Mu nan Nijar "bot" muke ce wa duka, na soja da na lambu, saboda haka ita ma ba ta raba gardama. Amma tsagun nan, Malam Garba, ai shasshawa ce. A ce ƙasansa mai shasshawa, kowa ya gane.

Malam Garba: Wallahi ta zauna, Alhaji. Na karɓa.

Injiniya Bala: Kafin a raɗa suna, a san yara nawa ne a gidan, don ba ɗaya ba ne. Akwai dogon da ke kaiwa sha-raɓa ko kusa da gwiwa, aikinsa hana ruwa shiga. Wani na roba ne zalla, mai araha, amma ba ya fitar da gumi, sai ƙafa ta jiƙe daga ciki alhali ko ɗigo bai shiga ba. Wani na fata ne da shafin Gore-Tex a ciki, irin na kamfanin Dubarry na ƙasar Ailan, wanda ke barin tururin gumi ya fita, ruwa kuma bai shiga ba. Sai na biyu, gajere mai kama idon sawu, na masu ƙananan jirage da kan kife. Da niyofirin ake yinsa, wata roba mai cike da ƙananan kumfa. Wannan ba ya hana ruwa shiga sam. Ruwa kaɗan ke shiga, jiki ya ɗumama shi, kumfar ta riƙe ɗumin. Kaurinsa milimita 3 in da sauƙin sanyi, milimita 5 in sanyi ya tsananta. Suna ɗaya ba zai ɗauke su ba, tunda hatta awonsu ya saɓa: na niyofirin dole ya kama ƙafa cif, in ya yi yawa ruwan sanyi zai dinga shiga yana fita. Dogon kuwa ana ƙara masa sarari don safa mai kauri, yatsu su iya motsi. In ya matse, jini ba ya gudu sosai, sanyi ya kama yatsu ko da takalmin na miliyan ne.

Malama Hadiza: To Injiniya, dogon mu ce "takalmin fito"?

Baba Sarkin Ruwa: A'a, 'yata. Fito haye kogi ne a kwalekwale, kuma Sarkawa da masu fito ƙafa a sake suke aikinsu, ruwanmu ba ya cizo. Can kuwa ruwan da ke kewaye da Ingila yana sauka ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Celsius a watan Fabrairu, kuma ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki kusan sau 25. Ƙafar da ta daɗe cikin danshi da sanyi sai ta yi fari, ta mutu, ta kumbura, ba sai ta daskare ba. Ni dai "takalmin teku" nake gani. Gajeren kuma, tunda yana lafewa a ƙafa kamar fata, ku ce "huffin ruwa".

Malam Garba: Huffin ruwa ya yi, Baba, sai dai duk inda aka rubuta shi a bi shi da bayani, kada wani ya ɗauka hukuncin shafa ake nufi. Wannan na malaman fiƙihu ne. Ki kuma sa maganar safa, Malama, don rabin aikin nata ne. Ta auduga tana shan gumi ta riƙe, ta ulu kuwa tana ɗumi ko da ta yi laima. Bayan an sauka a ɗauraye takalmin da ruwan daɗi, domin gishiri yana jawo danshi, ba zai taɓa bushewa sosai ba. A zare shimfiɗar ciki, a cusa tsohuwar jarida, a ajiye a inuwa. Kusa da wuta fata tana tsagewa, gam ya saki.

Malama Hadiza: Na gode ƙwarai. Na rubuta takalmin teku, jam'i takalman teku, da huffin ruwa, da ƙasa mai shasshawa.

Injiniya Bala: Saura ɗaya. Ƙafar wandon ruwa, wato wandon da ke hana jiƙewa, a kan takalmin take sauka, ba a cusa ta ciki, in ba haka ba duk ruwan da ya gangaro a cikin takalmin zai taru. Takalman doguwar tafiya suna da wani ƙyalle ɗinke a jiki da ake ja sama ya rufe bakin wandon, a tsuke shi da igiya, ƙasansa da 'yan huda don ruwa ya tsiyaye. Ina ba da shawarar "rigar ƙwauri", in Baba bai ga aibinta ba.