Neman shawara: lambobin da na'urar CPAP ɗin maigida ke nunawa

Maman Ilham, Pantami:
Assalamu alaikum jama'ar gida. An yi wa maigidana gwajin barci, aka ce numfashinsa na ɗaukewa sau 42 a awa guda, aka ɗora shi a kan CPAP, na'urar da ke hura masa iska yana barci don maƙogwaro ya zauna a buɗe, samfurin ResMed AirSense 10, yau sati uku ke nan. Minshari kam ya tafi, alhamdulillah, amma yana tashi bakinsa a bushe ƙamas. Ɗanmu ya sa katin na'urar a kwamfuta ya buɗe da manhajar OSCAR, ga na daren jiya: AHI 7.8, yoyon iska 38, matsi 11, numfashi 14 a minti, iskar kowace shaƙa 460, iskar minti guda 6.4, amfani awa 4 da rabi. Wanne ne daidai, wanne ne abin tsoro? Sai wata mai zuwa za mu koma wajen likita.

Malam Habu, Bolari:
Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah Ya ƙara sauƙi. Uku daga cikin lambobin nan ki cire su daga ranki. Babban mutum na yin numfashi 12 zuwa 20 a minti, don haka 14 lafiya lau. Iskar da ake shaƙa sau ɗaya kan kai wajen mililita 500, kuma tsawon mutum ake dubawa, ba ƙibarsa ba, 460 ba laifi. Ki ninka 14 da 460, za ki samu kusan lita 6.4, ita ce lamba ta ukun, kuma tsakanin lita 5 zuwa 8 ake so.

AHI shi ne sau nawa a awa numfashi ya tsaya ko ya ragu sosai na daƙiƙa 10 ko fiye. Ƙasa da 5 ake nema. Daga 5 zuwa 15 ƙarami ne, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Daga 42 zuwa 7.8 an ci nisa, sai dai da saura.

Anti Larai, Jekadafari:
Ƙanwata, kafin ki kalli AHI ki fara kallon 38 ɗin nan, nan gizo ke saƙa. A na'urorin ResMed iyakar yoyo lita 24 ce a minti. Idan ya wuce haka iska na zurarewa kafin ta riƙe maƙogwaro a buɗe, ita kanta na'urar lissafi na kuɓuce mata, 7.8 ɗin ma ba abin dogaro ba ne sai an toshe yoyon.

Bushewar bakin da kika faɗa ta nuna mini ta inda take fita. In abin rufewar da yake sawa a fuska, wanda iskar ke bi ta cikinsa, na hanci kaɗai ne, da barci ya yi nauyi sai haɓa ta saki, iskar ta shiga ta hanci ta fice ta baki. Ki lura da shi cikin dare, za ki ji leɓensa na "fuf, fuf". Maganinsa maɗaurin haɓa, ko a koma ga mai rufe hanci da baki. A OSCAR ɗin ma ana ganewa: yoyon baki yakan hau ya miƙe kamar tebur na tsawon lokaci, na gefen robar abin rufewar da ke manne da fuska kuwa hawa da sauka yake yi duk juyin da mutum ya yi.

Abin da mutane ke yawan yi kuskure ne, wato su ɗaure igiyoyin tamau. Robar tana buƙatar iska ta ɗan kumbura ta sannan ta kama fuska, in aka matse ta sai ta lanƙwashe ta ƙara yoyo, ga shaida a doron hanci. Ya sa abin rufewar yana kwance, na'ura a kunne, sannan ya daidaita. Ya wanke fuska kafin kwanciya, ban da man shafawa, ko da hunturun nan ne. A riƙa wanke robar kullum da sabulu marar ƙamshi. In yana da gashin baki mai yawa, a ɗan rage inda robar ke zama.

Kabiru, Tudun Wada:
Hajiya, awa 4 da rabi ya yi kaɗan. Ki duba ko cire ta yake yi ko wuta ce ke ɗaukewa. Barcin mafarki ya fi yawa a ƙarshen dare, lokacin ne kuma maƙogwaro ya fi rufewa, to ko bayan Asuba zai koma ya mayar da ita. In a kan inbata ko batir kuke, abin ɗumama ruwan tankin na'urar, mai sa wa iskar laima, shi ne ke cinye wuta, a rage shi maimakon a kashe na'urar. Tacen ƙurar da ke gefenta kuma, da wannan hazon, a duba shi duk sati, da ya koma ruwan ƙasa a canza. Ruwan tankin ya zama tatacce na kantin magani, kada a kuskura a zuba ruwan batir na wajen bakanike, wani akwai asid a ciki.

Malam Habu, Bolari:
Ƙari ɗaya. Ku ce wa yaron ya duba kason 7.8 ɗin. OA toshewar maƙogwaro ce, H raguwar iska, CA kuwa hanya a buɗe take, ƙwaƙwalwa ce ba ta ba da umarnin shaƙa ba. CA kan bayyana a makonnin farko, sau da yawa ta lafa da kanta, amma ƙara matsi na iya tsananta ta. Shi ya sa kada ku taɓa 11 ɗin nan da kanku, ko da wani ya nuna muku yadda ake shiga saitin likita. Na'urar na aiki tsakanin 4 da 20, kuma babbar lamba ba ita ce nagarta ba. Kada ku yi hukunci da dare ɗaya, ku tara na sati guda bayan gyara yoyon. In CA kaɗai ta wuce 5 a awa, ko abin auna oksijin na yatsa yana nuna ƙasa da 90 yana daɗewa a can, ko yana tashi da ciwon kai da haki, kada ku jira watan, ku ɗauki katin ku je.

Maman Ilham, Pantami:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na hanci kaɗai ne kuwa, Anti. Mun duba, CA 0.6 ce, sauran duk H ne. Maɗaurin haɓar a kantin kayan asibiti ake samu, ko tela zai iya ɗinkawa?

Anti Larai, Jekadafari:
Tela zai iya. Ƙyalle mai ɗan talewa, faɗin yatsu uku, ya bi ta ƙarƙashin haɓa ya haɗe a tsakar ka. Kada ya ja haɓar baya wajen wuya, sama ake so ya tallafe ta.