Shawarwarin da aka bayar kan katin ATM da tura kuɗi ta waya

A majalisarmu nan Gusau an tattauna kan masu kwashe kuɗin mutane a asusu, ga abin da aka fi nanatawa. Kada ka bari mai POS ya danna maka lambar sirri, danna da kanka kuma ka duba adadin kuɗin tukuna. Banki ba ya kira ya nemi OTP, wato lambar da ake turo maka a waya don tabbatar da cire ko tura kuɗi, duk wanda ya ce za a toshe maka BVN (lambar tantance ka a banki) wallahi ɓarawo ne, kashe wayar kawai. In waya ta ɓace a rufe layi da asusu nan take don da layin ake sata. 'Yan kasuwa kuma kar a saki kaya kan hoton risit sai kuɗi sun shigo. Tun ƙarancin kuɗi na 2023 ciniki ke komawa waya, don Allah a koya wa iyayenmu.